Yarona ya shekara biyu da wata huɗu, kalmominsa ba su kai goma ba: in jira ko in kai shi a duba?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, abin ya fara hana ni barci. Sadiq yanzu shekararsa biyu da wata huɗu. Jiya na ɗauki biro na rubuta duk abin da yake iya faɗa: mama, baba, a'a, zo, "uwa" in yana son ruwa, "tota" wato mota, "ta" wato tafi, sai sunan yayarsa da ya mayar "Nana". Takwas ke nan. In yana son abu sai ya kamo hannuna ya ja ni har wurin, ya nuna da yatsa yana "eh, eh". Yayarsa tun tana wata goma sha takwas ta ishe mu da surutu. Surukata ta ce nauyin baki ne irin na gidansu, wai shi kansa baban sai da ya shekara uku kafin bakinsa ya buɗe. Shi kuma maigidan ya ce harsuna biyun da muke yi a gida ne suka rikita yaron, in daina yi masa ɗaya. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba.

Hajiya Kulu:
Wa alaikumus salam. 'Yata kwantar da hankalinki. Na haifi bakwai, na yi renon jikoki, kuma maza sun fi nauyin baki, kowa ya san haka. Na ukuna sai da ya kusa shekara uku, yanzu in ya fara magana sai an roƙe shi ya yi shiru. Sannu ba ta hana zuwa. Ku 'yan zamani komai sai kun kai asibiti.

Anti Larai:
Ki ɗaga harshensa ki duba, ƙila linzami ne. In an cire shi ke nan.

Baban 'Yan Biyu:
Maman Sadiq, ni ma ina bayan Hajiya, kuma da hujja. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sake jadawalin girman yara a 2022, kuma a sabon jadawalin kalma hamsin sai a wata talatin ake sa ran ta. Naki wata ashirin da takwas gare shi. Saura wata biyu ma kafin a fara maganar ya makara. Intanet ce ke tsorata iyaye a banza.

Malama Zainab:
Sannunku. Aikina ke nan, gyaran magana da harshe na ƙananan yara, don haka bari in sa baki, amma ku yi haƙuri zan yi tsawo.

Baban 'Yan Biyu, gaskiya ne kalma hamsin tana wata talatin a wancan jadawalin. Sai dai ka tsallake layin da ke samansa: a wata ashirin da huɗu sun ce yaro ya riƙa haɗa kalma biyu, kamar "mama zo" ko "ba mota". Sadiq ya wuce wannan da wata huɗu bai fara ba. Kuma jadawalin abin da aƙalla kashi 75 cikin ɗari na yara ke iya yi ya lissafa, don haka wanda bai kai ba a duba shi ake nufi. Abokan aikinmu da yawa ma sun yi ƙorafi a lokacin cewa an sassauta da yawa, domin ma'aunin da muka daɗe muna aiki da shi shi ne kalma hamsin da haɗa kalma biyu a shekara biyu. Ko da naka ma'aunin muka ɗauka, daga takwas zuwa hamsin cikin wata biyu tafiya ce mai nisa.

Hajiya, maganarki akwai gaskiya a ciki, ba zan musa ba. Mafi yawan yaran da suka yi nauyin baki suna kamo tsaransu da kansu. Matsalar ita ce a shekara biyu babu mai iya kallon fuskar yaro ya ce wannan zai kamo, wannan ba zai kamo ba. Abin da muke dubawa shi ne: yana fahimtar abin da aka ce masa? Yana nuni da yatsa, yana ɗaga hannu, yana kwaikwayo? Baƙaƙe nawa ke fita a gwarancinsa? Yana yawan ciwon kunne? Akwai mai irin wannan a dangi? To ga inda za ku yi mamaki. Maganar da surukar Maman Sadiq ta faɗa don ta kwantar mata da hankali, wai babansa ma haka ya yi, mu a wurinmu dalili ne na a duba shi da wuri, domin matsalar harshe tana bin jini.

Anti Larai, linzami ba ya hana yaro sanin kalmomi. Zaren da ke ƙarƙashin harshe in ya yi gajarta yana iya wahalar da jariri wajen kama nono, wani lokaci ya taɓa furucin wasu baƙaƙe, amma tara kalmomi aikin ƙwaƙwalwa ne da kunne. Don Allah kada a taɓa masa baki saboda wannan.

Maman Sadiq, tambaya biyu. In kika ce masa "je ka ɗauko takalminka" ba tare da kin nuna ko kin kalli wurin ba, yana zuwa? Kuma an taɓa gwada jinsa?

Maman Sadiq:
Malama na gode ƙwarai. Gaskiya sai yanzu na lura kullum ina haɗawa da nuni. Bari in gwada yau. Ji kuwa lafiyarsa lau, ko ƙofa aka buga a ɗaya ɗakin sai ya waiga, in ya ji ƙarar motar babansa tun daga waje yake gudu.

Ummu Haidar:
Wayyo 'yar uwa, wannan maganar taki ita ce tawa sak shekara uku da suka wuce. Ni ma cewa nake Haidar yana ji, ai yana jin ƙarar mota, yana jin waya in ta yi ƙara. Har faɗa na yi da ƙanwata da ta ce in kai shi. Da na gaji na kai shi, ashe ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnensa duka biyu, irin mai kauri, ba ciwo, ba zazzaɓi, ba abin da ke fitowa waje. Likitar ta ce in toshe kunnuwana da yatsu, ta juya baya ta yi mini magana a hankali. Na ji muryarta amma ban gane ko "sha" ta ce ko "sa" ba. Ta ce to haka ɗanki yake jin ku wata da watanni. Wallahi a gabanta na fashe da kuka. Abin da ya ƙara ruɗa ni a baya shi ne wani mako yana ji sosai, wani mako sai ka kira shi sau huɗu, ni kuwa ina cewa taurin kai ne, har dukansa na yi a kan haka, Allah Ya yafe mini. Daga baya aka sa masa ɗan ƙaramin bututu a dodon kunnen. Ki je a gwada, ba ya ɗaukar lokaci, ba zafi.

Malama Zainab:
Ummu Haidar ta riga ni. Jin ƙarar mota daban, jin magana daban. Baƙaƙe irin su s, f, sh ba su da ƙarfi, su ne ke fara ɓacewa in ji ya ragu kaɗan. Shi ya sa ni ba na fara aiki da yaro sai na ga sakamakon gwajin ji. Ko da an gwada shi yana jariri aka ce lafiya, ji yana iya raguwa daga baya: ruwan kunne, sanƙarau, ƙyanda, hangum, ko wasu allurai masu ƙarfi irin su jentamaisin. Jaririn da shawara ta yi wa tsanani ma ana sa masa ido. Ƙa'idar da ake bi inda ake gwada jarirai ita ce a gwada kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Ku duba yadda ake gaggawa da abin.

Maman Ilham:
Ni tambayata ɗaya ce kuma kada ki ji haushi: awa nawa yake yi da waya a rana?

Maman Sadiq:
Hmm. Kin kama ni. In ina aiki ina kunna masa waƙoƙin yara, zai kai awa uku ko fiye. Amma ai na koyarwa ne, haruffa da lambobi da launuka.

Baban 'Yan Biyu:
To ai nawa daga waya suka koyi ƙirga har ashirin kafin su shekara uku. Kada a ɗora wa waya laifin da ba nata ba.

Maman Ilham:
Ƙirgan aku ke nan Malam. Ilham ɗita tana rera haruffa daga farko har ƙarshe amma ba ta iya cewa "ba ni" ba. Da na karɓe wayar na sha kuka kwana huɗu, har maƙwabta suka leƙo. Ban ce wayar ce kaɗai ba, amma cikin wata biyu na ga bambanci da idona.

Malama Zainab:
Akwai wani gwaji da nake son ba iyaye labarinsa. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington suka ɗauki jarirai 'yan wata tara waɗanda Turanci kaɗai ake yi a gidajensu. Wasu aka zaunar da su da mutane masu jin Sinanci suna yi musu wasa da karatu, zama goma sha biyu. Wasu kuma aka nuna musu mutanen nan dai a bidiyo, wasu aka kunna musu murya kawai. Da aka gwada, waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun iya bambance sautukan Sinanci, na bidiyo da na murya kuwa kamar ba su taɓa ji ba. Allo ba ya jiran yaro ya amsa, ba ya bin inda idonsa ya kalla. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da shi gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Amma Maman Sadiq kada ki ɗauki wannan ki je kina cin kanki da laifi. Ina ganin yaran da ba su taɓa riƙe waya ba kuma suna da jinkiri. Abin da wayar ke yi shi ne cinye awannin da da hira aka yi su.

Harsuna biyu kuwa, ki gaya wa maigida cikin ladabi cewa ba su ne ba. Yara masu harshe biyu suna fara magana a lokacin da sauran ke farawa. Abin da muke yi shi ne mu haɗa kalmomin harsunan biyu mu ƙirga tare. In ya cakuɗa su a jimla ɗaya ba ruɗewa ba ce, manya ma haka suke yi. Kuma in an hana uwa harshen da ta fi sakewa a cikinsa, hirarta da ɗanta ce ke raguwa, abin da muke gudu ke nan.

Abu Safwan:
Ku daina kewaye-kewaye. Jan hannu, rashin magana, ai alamun galahanga ne, wato autism. Ta shirya kawai.

Ummu Haidar:
Haba Malam! Ka ji tsoron Allah. Uwa ta zo hankalinta a tashe, ba ka taɓa ganin yaron ba, ka yanke hukunci daga layi biyar?

Abu Safwan:
Ni ɗana yana da ita, kuma shekara biyu na ɓata ina sauraron masu cewa "zai yi, zai yi". Da an faɗa mini gatsal da na gode. Ban yi don in ɓata mata rai ba.

Malama Zainab:
Abu Safwan, Allah Ya raya Safwan, kuma na fahimci inda maganar ta fito. Sai dai ko ni ba zan iya cewa ga abin da ke damun yaro ta rubutu ba. Rashin magana shi kaɗai bai isa ba. Abin da ake lura da shi shi ne ko yaro yana nuna maka abu don kawai ku gani tare, kamar ya ga jirgi ya nuna ya waigo ya kalli fuskarki, ko yana kawo miki abin wasansa ki gani, ko yana waigowa in an kira sunansa, ko yana wasan kwaikwayo kamar kara wani abu a kunne wai waya. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a tantance kowane yaro kan galahanga a wata 18 da wata 24, da damuwa ko babu. Abu ɗaya da ba na son kowa ya jira a kansa ko kwana ɗaya: yaron da yake faɗin kalmomi sai suka ɓace.

Maman Sadiq:
Yana nuna mini tsuntsu da kyanwa ya kalle ni yana dariya, kuma yana ɗaukar tsana ya goya. Na gwada maganar takalmin ɗazu, hannuna a baya. Karo na farko ya tsaya yana kallon bakina kawai. Da na matso na maimaita da ƙarfi sai ya je ya ɗauko. Gabana ya faɗi gaskiya.

Malam Nasiru:
Ku ba ni dama in ɗan kauce. Ni malamin firamare ne, shekara goma sha shida, kuma masu cewa "wane ma ya yi nauyin baki ga shi yanzu lafiya" ba sa ganin waɗanda nake gani. A kowane aji akwai yaro ɗaya ko biyu da ke magana, ba wanda zai ce bebe ne, amma in ka ce "buɗe littafinka, ka ja layi a ƙarƙashin kalmar farko, sannan ka kawo mini" sai ya buɗe littafin ya tsaya yana satar kallon na kusa da shi. In ka ce ya ba da labarin abin da ya faru sai ya fara daga tsakiya, "abin nan, abin nan" ya yi yawa. A gida a ce ba ya jin magana, a makaranta a ce daƙiƙi ne. In ka bincika sau da yawa za ka ji ya daɗe bai yi magana ba yana ƙarami. Wani bincike da aka yi a Ingila aka buga a 2016 ya samu sama da yara 7 cikin 100 na masu shiga makaranta suna da irin wannan matsalar harshe ba tare da wani sanannen dalili ba, wato kamar biyu a ajin mutum talatin. Da na karanta sai na riƙa tuno fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

Ni kaina mai in'ina ne. Wani malaminmu yakan tsayar da ni in karanta, ya riƙa kwaikwayona aji na dariya. Har yau in zan faɗi sunana a taro sai na ja numfashi.

Maman Ilham:
Allah sarki Malam. To Malama, tunda an tabo in'ina, ɗan yayata shekararsa uku ya fara "ma-ma-ma-mama" wata biyu ke nan. Uban sai ya daka masa tsawa ya ce ya nutsu.

Malama Zainab:
A daina tsawar, a daina "yi a hankali", a daina ƙarasa masa magana. A saurari abin da yake faɗa, su manyan su rage saurin tasu maganar. Kamar yara 5 cikin 100 suna yin in'ina a wani lokaci, galibi tsakanin shekara biyu da biyar, mafi yawa ta wuce, a manya kusan 1 cikin 100 ne. In ta kai wata shida, ko akwai mai ita a dangi, ko ya fara runtse ido yana yaƙi da kalma ko yana gudun magana, a kai shi. Akwai tsarin Lidcombe da aka ƙirƙiro a Ostireliya don 'yan ƙasa da shekara shida, iyaye ne ke yin sa a gida ƙwararre yana duba su.

Maman Sadiq, kafin ki samu ganin masu gwajin ji, ga aikin da za ki fara yau. Lokacin wanka, durƙusa fuskarki ta yi daidai da tasa. Cika kofi, ɗaga shi, ki tsaya kina kallonsa kamar mai jiran amsa, ki ƙirga har goma a zuciyarki. Shirun nan zai yi miki tsawo, ki daure. In ya ce "uwa", ko ya miƙa hannu, ko ya kalle ki kawai, ki ce "ruwa!" ki zuba. Karo na gaba ki ƙara kalma ɗaya a kan tasa: "zuba ruwa", "ruwa ya ƙare". Kada ki ce "ba uwa ba, ce ruwa". Ki faɗi daidai ɗin kawai ki wuce. Ki rage tambayoyin jarrabawa irin su "mene ne wannan, wane launi ne", ki riƙa faɗin abin da shi yake kallo: in mota yake turawa, maganar mota za ki yi, ko da ke littafi kika ɗauko. Wannan jiran da bin ra'ayin yaro shi ne ginshiƙin abin da cibiyar Hanen ta Toronto ke koya wa iyaye tun shekarun 1970. Kuma ki gaya wa yayarsa ta daina yi masa tafinta, don na tabbata kafin ya buɗe baki ta riga ta ce "mama ruwa yake so".

Wajen ƙirga kuma, kukan dabba kamar "miyau" kalma ce, "tota" kalma ce, muddin shi da kansa yake faɗa kuma kullum abu ɗaya yake nufi. Tsamin baki kada ya dame ki yanzu, r da ts da ƙ suna cikin masu zuwa a makare.

Hajiya Kulu:
Oh ni Kulu. Yanzu har hira da ɗanka sai an koya maka. Mu dai goyo muke yi muna aiki muna yi musu waƙa da surutu, ba mu san sunansa wani tsari ba.

Malam Nasiru:
Ai Hajiya shi ne dai, ku kun yi ba ku sa masa suna ba.

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani bayan mako uku. Mun je. Da farko suka sa masa wani ɗan roba mai laushi a kunne, na'ura ta zana layi cikin daƙiƙa kaɗan. Matar ta ce da lafiya ne da layin ya yi tudu kamar tsauni, nasa kuwa a shimfiɗe yake, kunne biyun. Sannan muka shiga wani ɗaki da ba a jin motsin waje, yana kan cinyata, sauti ya fito ta gefe, in ya waiga sai wata 'yar tsana ta haska tana rawa. Masu ƙarfin yana waigawa, masu sanyin kuwa ni ina ji shi yana wasansa. Ruwa ne, irin na Haidar. Likita ya ce sau da yawa yana janyewa da kansa, mu dawo bayan wata uku a sake gwadawa, in yana nan a yi maganar bututu. Mai gyaran magana kuma ta gan shi, ta ce fahimtarsa ma ta ɗan yi baya, za mu riƙa zuwa, amma ta ce aikin nawa ne a gida. Wayar ta koma minti talatin, kuma tare muke kallo. Maigida da ya ga takardar bai ƙara tayar da maganar harsuna biyu ba.

Hajiya Kulu:
Alhamdulillahi. To kun ji dai, likitan ma jira ya ce a yi.

Ummu Haidar:
Hajiya wannan jiran da ranar komawa a rubuce ne ai. Maman Sadiq, ki riƙa kiran sunansa ya kalle ki kafin ki yi magana, kuma ki kashe talabijin in kuna hira, ƙarar bayan fage tana cinye masa kalmomi.

Maman Sadiq:
In sha Allahu. Malama Zainab, takardar kalmomin tawa ta kai goma sha uku yanzu, har da "buɗe" da yake cewa "bue". Jiya a wanka na hura kumfa na tsaya ina jira, ya kalle ni ya kumbura kumatu ya ce "fuu". Yau ma da ya ga sabulun ya sake faɗa ban tambaye shi ba. In rubuta ta ko ba ta cikin lissafi?

Malama Zainab:
Rubuta ta. Goma sha huɗu.